Teku a bakin ƙofa, famfo a bushe: za a iya raba ruwan da gishiri da hasken rana?

Ɗan_Teshie:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce ga masu sani. Kowa ya san halin famfo a ɓangaren Teshie da Nungua a nan Accra, yau akwai gobe babu, sai a koma sayen ruwa a jarkar da ake kira galan ɗin Kufuor ko jiran motar tanka. Ga kuma teku a gabanmu. Kwamitin wata islamiyya yana son samar wa yara ruwan sha, kamar lita 100 a rana. An kawo shawarar akwatin gilashin nan da ake ajiyewa a rana, ruwa ya yi tururi ya bar gishiri a ƙasa. Abin yana aiki da gaske? Lita nawa yake bayarwa, kuma da me ake haɗa shi? In ba zai isa ba, wace hanya ce ta fi wadda sola za ta iya ɗauka?

Malamin_Kimiyya_Nima:
Wa alaikumus salam. Yana aiki, kuma ruwan da yake fitarwa babu gishiri a cikinsa, don gishiri ba ya bin tururi. Inda gizo ke saƙar shi ne yawan ruwan. Mu yi lissafi kafin a sayi gilashi.

Kafin lita ɗaya ta koma tururi tana cin zafin da ya kai yunit 0.63, irin yunit ɗin da mitar wuta take ƙirgawa. Ranar Accra tana sauke kamar yunit 5 a kan kowace murabba'in mita a yini mai haske. Da akwatin zai kama duka, da an sami lita 8. To ba ya kamawa. Wani hasken gilashi ke mayar da shi, wani zafin ya zurare ta ƙasa da gefuna. Akwatin da aka yi da kyau yana amfana da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari ne kawai, wato lita 2 da rabi zuwa 3 a kowace murabba'in mita. Daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da gari ke lumshewa, zai iya sauka ƙasa da lita 2.

Lita 100 ke nan tana neman gilashi murabba'in mita 35 zuwa 40. A fara auna filin makarantar a gani.

Hajiya_Mai_Waakye:
Malam, ni ban gane ba. In aka tafasa shi sosai aka jefa alif, aka tace da farin ƙyalle, gishirin ba zai kwanta ba?

Nas_Mamobi:
A'a Hajiya, don Allah kar kowa ya gwada wa yara wannan. Alif laka yake kwantarwa, tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, amma gishiri narkewa ya yi a cikin ruwan, ƙyalle ko tukunyar tacewa ba sa riƙe shi. Tafasawa ma ƙara masa ƙarfi take yi, tunda ruwa ke tashi gishiri na zaune. Haka kwalbar roba da ake shanyawa a rana awa 6, tana kashe ƙwayoyin cuta amma gishirin yana nan.

Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Ƙodar mutum ba ta iya fitar da fitsari mai kaurin gishiri haka, sai ta jawo ruwan jiki ta tsarma shi, shi ya sa wanda ya sha ƙishinsa ƙaruwa yake yi. Ga yaro ƙarami abin ya fi haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin ruwa mai daɗin sha shi ne wanda narkakken abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 600 a lita ba, in ya haura 1,000 baki ya fara ƙinsa. Ku kwatanta da 35,000.

Mai_Walda_Sabon_Zongo:
Ga yadda ake haɗa akwatin, ga mai son ya gwada guda ɗaya kafin ya yi da yawa.

Ƙasan ya zama mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsawo. Bangon gaba santimita 10, na baya 32, don gilashi ya kwanta a karkace kamar digiri 12. In ya fi haka kwanciya, ɗigon ruwan zai riƙa faɗowa cikin tiren maimakon ya gangara. In ya miƙe da yawa, an ƙara iska a ciki an rage zafi. Gilashin taga mai kaurin milimita 4 ya isa. A fuskantar da gangaren kudu, ko da yake a nan Accra rana kusan tsakar ka take bi, don haka inuwar gini ko bishiya ta fi damuwa.

Tiren ruwan shi ne zuciyar aikin. Kar a yi shi da baƙin ƙarfe ko kwanon rufi, ruwan gishiri mai zafi zai huda shi kafin shekara ta zagayo. A yi da faiba, ko katako da aka shimfiɗa wa baƙar robar da ake yi wa tafkin kifi, ko siminti da baƙin tayil. Kar a shafa kwalta ko fentin mai, ruwan ciki yana kai digiri 60 zuwa 70 da tsakar rana, warinsu zai bi tururi ya shiga ruwan sha. A ƙarƙashin tiren da gefuna a cusa busasshen garin katako ko soso mai kaurin santimita 5, a rufe shi yadda ba zai jiƙe ba. Jiƙaƙƙen garin katako ba ya riƙe zafi.

A ƙasan gilashin ta ciki a kafa kwararo, rabin bututun roba da aka tsaga, a ɗan karkata shi zuwa gefe guda, a fitar da tiyo zuwa jarka mai murfi. A manna siririn gilashi a jikin babban gilashin daidai saman kwararon, don ruwa ya ɗiga ciki, kar ya wuce ya bi bango. Sai bututun zuba ruwa a baya da na zubar da ragowa a ƙasa.

A toshe kowace kafa da silikon. Wanda ake haɗa akwatin kifi da shi za a nema, na banɗaki yana da maganin kashe fumfuna a ciki. Ruwan kwana ukun farko a zubar.

Malamin_Kimiyya_Nima:
Allah ya saka, Maigida. In ƙara abu biyu. Zurfin ruwa a tiren kar ya wuce santimita 2, wato lita 20 a murabba'in mita. Mutane suna cika shi maƙil da tunanin zai fi bayarwa, alhali ruwa mai zurfi sai azahar bai gama ɗumi ba. Na biyu, kar a bari ya ƙafe. Da zarar rabin ruwan ya tafi, farin ɓawo zai fara kwanciya a kan baƙin tiren, fari kuwa mayar da haske yake yi. In an ci gaba har ya saura kashi ɗaya cikin goma, gishirin miya ne zai fito, irin yadda ake samu a Songor ta Ada. A zubar da ragowar a zuba sabo da sassafe. Kar a zuba ruwan sanyi da rana tsaka, zai kashe zafin da aka tara, zai iya fasa gilashin ma. Kuma a bar jarkar a haɗe da daddare, don yana ci gaba da ɗiga bayan magariba, gilashi ya huce ruwa na da sauran zafi.

Ɗan_Fadama:
Me zai hana a sa farar leda maimakon gilashi? Kuɗin bai kai ba ko kusa.

Mai_Walda_Sabon_Zongo:
Ana yi, amma ba ta kai gilashi. A jikin gilashi mai tsabta ruwa shimfiɗuwa yake yi ya gangara. A jikin leda dunƙulewa yake yi ƙwaya-ƙwaya, su tare haske, su faɗo baya. Ga shi rana tana cinye ta cikin 'yan watanni, iskar teku ta yayyaga. Shi ma gilashin sai an wanke shi tas kafin a manna, maiƙon hannu kaɗai yana sa ruwa ya dunƙule. Da hunturu kuma a riƙa share ƙura a samansa kullum.

Hajiya_Mai_Waakye:
To in tururi ake nema, ba sai a ɗora tukunya a wuta a kama tururin ba? Gas ko gawayi.

Injiniya_Ashaiman:
Hajiya, za a samu, amma kuɗin wutar zai fi na ruwan leda. Kilo ɗaya na gas yana da zafi kusan yunit 13, rabinsa ne ke shiga tukunya. Lita 10 ke nan a kilo. Tukunyar gas mai kilo 14 da rabi ba za ta ba da lita 150 ba, ruwan kwana ɗaya da rabi na makarantar. Gawayi a kurfoti ya fi muni, kamar lita 3 a kilo. Wannan dabarar ranar tsanani ce.

Ɗan_Teshie, ni shawarata ta bambanta. In za a yi amfani da rana, a mayar da ita wuta a ba injin matsi, wanda masu ruwan leda ke kira RO. Shi ba ya tafasa komai. Famfo ne ke danna ruwa a jikin wani tantani da aka naɗe cikin bututu, ruwa ya ratsa, gishiri ya tsaya, ragowar mai kaurin gishiri ta fita ta wani bakin. Ruwan teku da kansa yana turjiya da ƙarfin bar 27 (bar shi ne ma'aunin matsi), don haka sai an danna shi da bar 55 zuwa 70 kafin a sami abin kirki. Manyan tashoshi suna cin yunit 3 zuwa 4 a kowace lita 1,000, saboda suna da na'urar da ke karɓo ƙarfin ragowar ruwan ta mayar wa famfo. Ƙaramin inji marar wannan na'ura yana cin yunit 8 zuwa 12.

Ko a haka ma, faifan sola murabba'in mita ɗaya yana ba da kusan yunit ɗaya a yini. Lita 80 zuwa 125 ke nan daga filin da akwatin gilashi zai ba da 3.

Malamin_Kimiyya_Nima:
Lissafinka daidai ne Injiniya, amma kar a raina akwatin. A 1872 an gina irinsa a Las Salinas ta ƙasar Chile, gilashi fiye da murabba'in mita 4,000, yana ba masu haƙar ma'adinai da dabbobinsu ruwa kusan lita 20,000 a rana, ya yi shekaru kusan 40 yana aiki. Ƙaramin akwati ba shi da famfo mai lalacewa, ba shi da kayan da sai an yi odarsu daga waje. Ga gida mai mutum huɗu a bakin ruwa inda babu mai gyara kusa, murabba'in mita 4 zai ba su abin sha.

Injiniya_Ashaiman:
Na yarda, ga gida guda. Ga makaranta mai neman lita 100, a'a.

Mai_Ruwan_Leda_Madina:
Bari in taka burki kaɗan. Kafin a yi maganar teku, akwai rijiyar burtsatse a makarantar ko kusa da ita? Yawancin rijiyoyin gefen Teshie, Nungua, Tema har Ashaiman ruwan zartsi suke bayarwa, mutane su ɗanɗana su ce gishiri ne su bar shi ga wanki. Amma zartsin da ke da miligiram 2,000 ko 3,000 a lita bai kai kashi ɗaya cikin goma na teku ba. Bar 10 zuwa 15 ya ishe shi. Famfonsa na kasuwa ne, tantaninsa mai lamba 4040 ana samu a wajen masu kayan ruwan leda, kuma ana iya cin rabin ruwan da aka tura ko fiye. A ƙaramin injin teku kuwa, cikin lita 10 da ka tura 2 ko 3 za ka samu.

A sayi mitar TDS, mai auna yawan narkakken gishiri a ruwa, 'yar ƙarama ce kamar biro, a tsoma a ruwan rijiyar. A auna da damina, a sake aunawa a Fabrairu ko Maris, don lambar tana hawa da rani. Sannan a kai samfur ɗakin gwaji, akwai na Cibiyar Binciken Ruwa ta CSIR da na Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Ghana, a duba ƙarfe, taurin ruwa, da ƙwayoyin cutar da ke zuwa daga masai. Sakamakon gwajin ne zai faɗi irin injin da za a saya.

Ɗan_Teshie:
Akwai rijiya, zartsinta ne ya sa aka daina sha. Ba a taɓa aunawa ba. To irin ƙaramin injin da ake ɗaurawa ƙarƙashin wurin wanke kwanuka fa, zai yi?

Mai_Ruwan_Leda_Madina:
Wannan na ruwan famfo ne, matsinsa bar 4 zuwa 6. In rijiyar ba ta wuce 1,500 ba zai taɓuka, a hankali. Ruwan teku kuwa ko ɗigo ba zai fitar ba, kar wani ɗan kasuwa ya ruɗe ku.

Ga tsarin da ya dace da zartsi. Famfon rijiya ya zuba a tankin farko. Daga nan ruwa ya bi tukunyar yashi, sai ta gawayin tacewa, sai matacin zare mai maikuron 5, sannan famfon matsi da tantani, sai tankin ruwan sha. Tantani ɗaya mai lamba 4040 yana ba da lita 200 zuwa 250 a awa, da famfo mai cin kusan kilowat ɗaya. Ku da kuke son lita 100, ko awa guda ba za ku yi ba, ƙaramin mai lamba 2540 ma ya ishe ku.

Abubuwa uku ke kashe tantani. Kulorin: in aka zuba shi a tankin farko kuma gawayin tacewa ya gaji, zai ƙone fatar tantanin, za ku ga ruwa ya ƙaru kuna murna, ashe gishiri ke wucewa. Wannan ba ya gyaruwa. Ƙarfe: in ruwan rijiya yana barin jan tabo a bokiti, a bar shi ya sha iska a tanki ya kwanta kafin yashi, in ba haka ba tsatsa za ta liƙe tantanin. Sai ɓawo, wanda ke zuwa in an matse bakin ragowar don kwaɗayin ruwa mai yawa. A ajiye littafi a rubuta matsi, yawan ruwa da lambar TDS kullum. In ruwa ya ragu da kashi 15 cikin ɗari a wanke tantanin, ruwan tsami na sitirik ga ɓawo, mai kaifin soda ga yauƙi. Wanda aka kula da shi yana kai shekara 3 zuwa 5.

Alhaji_Nima_441:
Ku gafarce ni yara, ni tambayata ita ce, ba an gina mana babbar tasha a Teshie don wannan aikin ba? Ina ta kwana?

Injiniya_Ashaiman:
An gina, Alhaji. An buɗe ta a 2015, kamfanin Befesa na rukunin Abengoa ta Sifen ne ya gina, kan kuɗi kusan dala miliyan 126, da ƙarfin lita miliyan 60 a rana don mutum kusan 500,000. Yarjejeniyar ta shekara 25 ce, kamfanin ruwa na Ghana yana sayen ruwan yana rabawa. Matsalar da ta fito fili ita ce kuɗin da ake sayen ruwan da kuɗin wutar tashar sun fi abin da ake karɓa a hannun masu famfo, har aka rufe ta a farkon 2018 don a sake zama kan yarjejeniyar, daga baya aka sake buɗewa. In ka ɗauki yunit 3 da rabi a lita 1,000, tasha irin wannan tana neman yunit sama da 200,000 a rana in tana aiki cikakke. Ruwan Weija daga kogin Densu da na Kpong daga Volta ba sa neman wannan matsin, shi ya sa suka fi araha nesa ba kusa ba.

Alhaji_Nima_441:
Ikon Allah. Amma a Saudiyya ai da shi suke rayuwa. Ruwan famfon da alhazai ke wanka da shi a Makka, an ce daga teku yake.

Malamin_Kimiyya_Nima:
Gaskiya ne Alhaji, tashoshin Shu'aiba a bakin Bahar Maliya suna tura ruwa Makka da Jidda da Ɗa'ifa. Zamzam daban, rijiya ce. Su ba su da kogi kuma makamashi na da araha a wajensu. Mu muna da Volta tana zuba a teku a Ada. Na kusa da halinmu shi ne na Kiunga a gaɓar Kenya, inda ƙungiyar GivePower ta kafa injin matsi mai aiki da sola da batir a 2018.

Ustaz_Mamobi:
Wata fa'ida da za ta rage wa kwamitin nauyi. Ruwan teku mai tsarki ne, ya tabbata a hadisi cewa ruwansa mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne. Haka ruwan zartsin rijiya, tunda daga ƙasar ya samo ɗanɗanonsa, ana alwala da wanka da shi. Saboda haka a raba layi biyu. Alwala da banɗaki da wankin allo su tafi da ruwan rijiya yadda yake, wanda aka tace a keɓe shi ga sha kaɗai. Sharaɗin dai kar najasa ta canza masa launi ko wari ko ɗanɗano.

Masunci_Chorkor:
Ustaz ya taɓo wurin. Duk mai son ɗiban ruwan teku a Accra ya san inda zai ɗiba. Bakin Korle inda Odaw ke zuba, da duk inda babbar kwata ta faɗa teku, ba wurin ɗiba ba ne, balle bayan ruwan sama. Wajen da jirage ke shan mai kuma akwai fetur da gas a saman ruwa. Wannan na damun akwatin gilashin ma, don fetur yana riga ruwa tashi, zai sauka a jarkarka.

Injiniya_Ashaiman:
Haka ne. Shi ya sa ƙananan tashoshi ba sa jefa bututu cikin igiyar ruwa. Rijiya suke haƙawa a cikin yashin gaɓa, yashin ya tace gansakuka da datti kafin ruwan ya iso famfo. Kuma duk ƙarfen da zai taɓa ruwan teku a ɓangaren matsi sai sitenles mai lamba 316 ko wanda ya fi shi, mai lamba 304 yana yin ƙananan huji. Bar 60 ba wasa ba ne, tiyo ya ɓalle zai ji wa mutum rauni. Makaranta mai yara, ni ba zan ba da shawarar injin teku ba in akwai rijiya.

Mai_Sola_Kasoa:
Ta ɓangaren wuta. Ga injin zartsi mai kilowat ɗaya tare da famfon rijiya, a tanadi faifai huɗu ko biyar masu wat 500. Inbata ta ninka ƙarfin famfon aƙalla sau uku, saboda fizgar da yake yi in zai tashi, ko a sa na'urar da ke tayar da shi a hankali. Kar a kashe kuɗi a kan manyan batura don a yi aiki da dare. A yi aikin tsakanin ƙarfe 10 da 3, a tara ruwa a tanki, tanki ya fi batir araha kuma ya fi shi daɗewa. Ƙaramin batir dai yana da amfani, don in girgije ya gifta matsi kar ya faɗi ya tashi, wannan hawa da saukar yana gajiyar da tantani.

Abin da aka fi mantawa: duk yamma in an kashe inji, a kora ruwan da aka tace lita 20 zuwa 30 ta cikin tantanin, kar ruwan gishiri ya kwana a ciki. In makaranta za ta tafi hutun da ya wuce mako, a cika shi da ruwan maganin ajiya, metabaisalfait giram 10 a lita, kuma kar a bar shi ya bushe. A bakin teku ƙafafun faifan su zama na alminiyam, a shafa man giris a kan kusoshi da mahaɗar waya.

Ɗan_Aboabo_Kumasi:
Mu a Kumasi ba mu da teku, amma muna bin zancen da kyau, don galamsey, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, ya ɓata kogunan Offin da Pra. Wannan injin zai iya da irin ruwan nan mai kama da koko?

Mai_Ruwan_Leda_Madina:
Tantanin yana tare yawancin ƙarafa masu guba, yana tare fuloraid ma, irin wanda ke ɓata haƙoran yara a Bongo. Amma in ka tura masa laka kai tsaye, a yini ɗaya zai toshe. A nan ne alif ɗin Hajiya ke da aiki: a kwantar da lakar, a tace da yashi har ruwan ya yi garau, sannan a matsa. Kuma a kai abin da ya fito gwaji, mitar TDS ba ta ganin makuri.

Nas_Mamobi:
Mu dawo kan yaran. Ko daga akwati ko daga inji, ruwan yana fitowa salam, babu ɗanɗano, kuma yana cin bututun ƙarfe. A bi da shi ta tukunyar tsakuwar farar ƙasa ko ɓawon kawa da aka wanke aka tafasa, zai ɗauki ɗan kalsiyam ya yi daɗi. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne bayan tacewa. Ruwan ba shi da kulorin, in ya zauna a tanki da zafi ko aka riƙa tsoma kofi, ƙwayoyin cuta za su dawo. A sa kulorin kaɗan a tankin sha, ya tsaya tsakanin miligiram 0.2 da 0.5 a lita, a sa kan famfo, a hana tsoma hannu. A tabbatar ba wannan ruwan mai kulorin za a kora ta tantani da yamma ba, a keɓe na kora a jarka daban.

Mai_Sola_Kasoa:
Na gode Nas, wannan gyara ne mai muhimmanci a kan abin da na faɗa. A cika jarkar kora daga bakin inji kafin ruwa ya isa tankin sha.

Ɗan_Fadama:
Ragowar ruwan gishirin fa, ina za a kai ta?

Injiniya_Ashaiman:
Ta zartsi za ta yi korar banɗaki da wankin tsakar gida. Kar a zuba kusa da rijiyar, za ta koma ciki. Kar a ba shuka. Kar kuma a kwaɓa siminti da ita, gishiri yana cin rodin da ke cikin kankare, bayan shekaru gini ya fara tsagewa.

Hajiya_Mai_Waakye:
Duk kun manta da na sama. Kwanon rufin makarantar fa? Ruwan sama ba shi da gishiri kuma ba a biya.

Malamin_Kimiyya_Nima:
Hajiya kin yi gaskiya. Accra tana samun ruwan sama tsakanin milimita 700 da 800 a shekara, ƙasa da Kumasi sosai, amma milimita ɗaya a murabba'in mita lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 60, ko an cire kashi 20 cikin ɗari na asara, zai ba da lita 35,000 ko kusa, ruwan shekara guda na lita 100 a rana. Matsalar ajiya ce. Yawancinsa yana sauka daga Afrilu zuwa Yuli, sai ɗan kaɗan a Satumba zuwa Nuwamba. Daga Disamba zuwa Maris ana neman tankin lita 10,000 zuwa 12,000. A sa raga a indararo, a zubar da ruwan farko da ya wanke rufi, kamar lita ɗaya a kowace murabba'in mita, sannan a sa kulorin.

Mai_Ruwan_Leda_Madina:
Tanki mai wannan girma da ginin da zai zauna a kai ba ƙaramin kuɗi ba ne, sai a kwatanta da na ƙaramin inji. Ni har yanzu ina kan injin zartsi, in lambar rijiyar ba ta wuce 5,000 ba. Kuma in kwamitin ya yi tunanin sayar da rarar don biyan kuɗin gyara, sai da rajistar Hukumar Abinci da Magunguna.

Mai_Walda_Sabon_Zongo:
Inji yana son mutum guda da zai tsaya a kansa kullum. In babu wanda zai riƙe littafin nan ya kora ruwa da yamma, gara tankin ruwan sama da akwati uku ko huɗu don rani.

Ɗan_Teshie:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Za a fara da auna rijiyar da kai samfur gwaji, a auna rufin kuma. Maigida Mai_Walda, akwati ɗaya dai za a yi don gwaji, yara su gani da idonsu. Tiren faiba ko na tayil, wanne ya fi sauƙin kankare ɓawo?

Mai_Walda_Sabon_Zongo:
Na tayil. Ruwan lemun tsami ko binega da soso suna cire shi. Sai dai yana da nauyi, a gina shi inda zai zauna, a daidaita ƙasansa da ma'aunin magina don ruwan ya kwanta santimita 2 ko'ina, kar wani gefe ya ƙafe wani na da zurfi. In lambar TDS ta fito a turo ta nan.